Babi na Bakwai: Bashin da Kotu ta Sauke

A watan Nuwamba na 1996 wata wasiƙa da aka rubuta da hannu ta isa teburin Mai Shari'a Carol Kenner, a kotun masu karayar arziki da ke Boston. Wanda ya rubuto ta tsohon mai gadi ne da rashin lafiya ya zaunar da shi. Kotu ta riga ta sallame shi daga basussukansa, amma duk wata yana ci gaba da biyan kamfanin Sears kuɗin kayan da ya ɗauka bashi, har abincin 'ya'yansa ya soma gagara. Roƙonsa shi ne a sake buɗe shari'arsa ko ya sami sa'ida. Da alƙaliyar ta duba kundin shari'ar, ba ta ga takarda ko ɗaya da ta halatta wa Sears karɓar ko sisi daga hannunsa ba. Ashe kamfanin ya sa shi ya sa hannu a kan yarjejeniyar ci gaba da biya, sannan ya ajiye ta a aljihun tebur, bai kai ta kotu ba kamar yadda doka ta wajabta. Da aka tsananta bincike sai aka tarar haka kamfanin ya daɗe yana yi wa dubban mutane a faɗin Amurka. A 1997 Sears ya ware dala miliyan 475 don mayar wa mutane kuɗinsu da biyan tara da sauran ɗawainiyar da abin ya jawo, a 1999 kuma wani reshensa ya amsa laifin zamba a gaban kotu, aka ci shi tarar dala miliyan 60.

Mutanen nan da suka yi ta biya, babu wanda ya ɗora musu wuƙa a wuya. An dai bar su ne cikin zaton har yanzu ana binsu. Wannan dabara ba ta mutu da shari'ar Sears ba, hannu kawai ta sauya.

A babin da ya gabata mun bi hanyar da mutum ke bi idan bashi ya fi ƙarfinsa: ko ya shiga ta Kashi na 7 na dokar karayar arziki ta 1978, inda wakilin kotu ke sayar da abin da doka ba ta kare masa ba, a raba wa masu binsa, a gama cikin kamar wata huɗu, ko ya shiga ta Kashi na 13, inda zai yi ta biyan abin da zai iya tsawon shekara uku zuwa biyar. Ko ta wace ƙofa ya bi, a ƙarshe takarda ɗaya yake jira, wato takardar sallama. 'Yar takarda ce, ba ta da wani kwarjini a ido, shi ya sa da yawa suke jefa ta cikin tarkacen wasiƙu su mance. Amma umarnin alƙalin tarayya ne. Sashe na 524 na dokar ya ce da zarar ta fito, an haramta wa duk mai bin bashin da aka sauke ya sake neman kuɗin daga wanda aka sallama, ko da wace irin hanya: ƙara a kotu, wasiƙa, kiran waya, saƙon tes, aiken wani, ko yankan albashi. Haramcin ba shi da wa'adi. Har ma idan mai bin ya lallaɓa wata kotun jiha ya samo hukunci a kan wannan bashin, hukuncin banza ne a idon doka, ko kafin sallama aka yanke shi ko bayanta.

To, me ya sa waya ba ta daina ƙara ba?

Wani lokaci sakaci ne zalla. Sanarwar kotu ta je ofishin banki da ke wata jiha, sashen da ke aika wasiƙu yana wata jihar, kwamfuta kuwa ba a gaya mata ta tsaya ba. Amma babban dalilin yana kasuwa, domin a Amurka bashi haja ne. Idan banki ya yanke ƙauna daga wani bashi, sai ya haɗa shi da dubban irinsa ya sayar wa kamfanonin da sana'arsu ke nan. Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta yi nazarin wannan kasuwa, ta fitar da rahoto a 2013 bayan ta duba asusu kusan miliyan 90 da jimillar kuɗinsu ta kai dala biliyan 143. Abin da ta gano shi ne masu saye suna biyan kimanin santi huɗu a kan kowace dala. Wato bashinka na dala dubu biyar, wani ya saye shi a kan dala ɗari biyu. Yawanci kuma abin da mai sayen ke karɓa bai wuce jerin sunaye da lambobi da adadin kuɗi ba, babu takardun asali. Shi ma idan ya gaji sai ya sayar wa na gaba, na gaba ya sayar wa na gaba, a hanya labarin sallamar ya ɓace, ko a ɓatar da shi da gangan. Wanda ya sayi bashi a wannan farashi, idan mutum ɗaya cikin goma ya tsorata ya biya, ya ci riba. Ba lallai yana da niyyar zuwa kotu da kai ba. Tsoronka yake nema, ko kunyarka.

Manyan bankuna ma ba su tsira daga zargi ba. Akwai wata hanyar matsi da ba ta buƙatar kira ko wasiƙa, wato a bar bashin a kundin tarihin bashinka yana nuna kamar har yanzu ana binka. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da waɗannan kundaye, Equifax da Experian da TransUnion, kuma mai gidan haya da dillalin mota da banki duk can suke leƙawa kafin su yi hulɗa da kai. Mutum ya je neman gida, a ce masa ga wani tsohon bashi yana nuna ja, sai ya ga hanya mafi sauri ita ce ya biya kawai a share. An shigar da ƙararraki a kan wannan a gaban Mai Shari'a Robert Drain a White Plains da ke jihar New York, kuma a 2015 Bank of America da JPMorgan Chase suka amince za su gyara kundin mutane fiye da miliyan ɗaya. Abin da ya dace kundin ya nuna shi ne an sauke bashin ta hanyar kotu, saura sifiri. Ita kanta karayar arzikin za ta zauna a kundin har shekara goma idan ta Kashi na 7 ce, yawanci shekara bakwai idan ta Kashi na 13 ce. Wannan babu yadda za a yi da shi. Amma bashin da ya mutu ya riƙa nuna yana da rai, wannan kana da ikon ƙalubalantarsa a rubuce, kuma dokar 1970 da ke kula da kundayen ta ba kamfanin kimanin kwana 30 ya bincika ya gyara.

Kafin mai karatu ya ɗaga murya a waya, sai ya tabbata da gaskiyarsa, don ba kowane bashi takardar sallama ke kashewa ba. Sashe na 523 ya ware waɗanda ba su sauka: kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata da kotu ta ɗora, yawancin harajin da bai daɗe ba, tarar laifi, diyyar raunata wani ko kashe shi yayin tuƙi cikin maye, da bashin da kotu ta tabbatar an ci shi ta hanyar yaudara. Bashin karatu na gwamnati shi ma ba ya sauka sai an yi wata shari'a ta daban an nuna biyansa ƙunci ne da ya wuce kima. Bashin karatu na 'yan kasuwa kuwa yana da rassa. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyu, wadda New York ke ƙarƙashinta, ta yanke a shari'ar Homaidan da Sallie Mae cewa wasu irinsa suna sauka kamar kowane bashi, abin da kamfanonin suka daɗe ba sa son a sani. Sai kuma bashin da ka ci bayan ranar da ka shigar da takardunka, wannan sabo ne, yana wuyanka.

Abu biyu ne suka fi rikita mutanenmu. Na farko jingina. Sallama ta cire bashin daga wuyanka, amma ba ta cire hannun banki daga motar ko gidan da aka jinginar ba. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1991 a shari'ar Johnson da Home State Bank. Idan ka daina biyan kuɗin mota, banki na iya zuwa ya ɗauki motarsa. Abin da ba zai iya ba shi ne, bayan ya sayar da ita, ya biyo ka da cikon kuɗin. Na biyu wanda ya tsaya maka. Idan ɗan'uwanka ko abokinka ya sa hannu tare da kai lokacin cin bashin, sallamarka ba ta shafe shi ba, kansa za a koma. Zumunci da yawa ya lalace a kan wannan, don ba a faɗa wa mai tsayawar tun da wuri ba.

Akwai kuma irin takardar da Sears ya yi wasa da ita, yarjejeniyar sabunta bashi. Doka ta yarda da ita, musamman ga mai son riƙe motarsa, amma da sharuɗɗa masu tsauri: a ƙulla ta kafin sallama ta fito, a kai ta kotu, lauyanka ya shaida ba za ta jefa ka cikin ƙunci ba ko alƙali ya duba da kansa idan ba ka da lauya, kuma kana da damar janyewa cikin kwana 60 bayan an shigar da ita, ko kafin sallama, duk wanda ya fi nisa. Saboda haka duk wanda ya zo maka bayan sallama da takarda yana cewa sa hannu nan mu daidaita, ya makara. Kada ka sa.

Idan ka duba jerin masu binka da ka miƙa wa kotu ka ga bashin yana ciki, kuma ba ya cikin waɗanda aka ware, to gaskiya tana hannunka. (Idan ka manta ba ka sa shi a jerin ba, kotuna sun saɓa a kan hukuncinsa, da yawa suna ɗaukarsa ya sauka muddin shari'ar Kashi na 7 ce da ba a raba wa kowa komai ba, wasu kuma ba su yarda ba. Wannan na lauya ne.) A waya kada ka yi musu, kada ka yi rantse-rantse, kada ka ba da lambar asusunka. Tambayi sunan mai magana da sunan kamfaninsa da adireshinsu da sunan bankin da bashin ya fito tun asali, ka gaya masa lambar shari'arka da ranar sallama, ka ajiye waya. Rubuta rana da lokaci a littafi guda da ka keɓe don wannan. Sannan ka aika musu wasiƙa gajera tare da kwafin takardar sallama da shafin da sunan bashin yake, ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu idan an karɓa a dawo maka da shaida. Idan takardar ta ɓace, ofishin rajistar kotun da ta yi shari'ar zai ba ka kwafi, haka ma shafin PACER na kotunan tarayya a intanet, ko lauyan da ya yi maka aikin.

Mutanenmu sun fi son magana baki da baki, a fahimci juna, a rabu da mutunci. A nan wannan ɗabi'a cutarwa take yi, kuma dalilin yana cikin wani hukunci na Kotun Ƙoli na 2019. Wani ɗan kasuwa a jihar Oregon, Bradley Taggart, ya sami sallama, amma abokan kasuwancinsa na da suka nemi kotun jiha ta ɗora masa kuɗin lauyoyinsu a wata shari'a da suka faro tun kafin karayarsa. Ya koma kotun karayar arziki yana neman a hukunta su da laifin raina kotu. Da magana ta kai sama, alƙalan tara baki ɗaya, ta bakin Mai Shari'a Stephen Breyer, suka kafa ma'auni: ana hukunta mai bin bashi idan babu wani dalili mai ma'ana da zai sa a yi shakkar cewa umarnin kotu ya hana abin da ya yi. Cewa da zuciya ɗaya ya yi ba ta isa ta wanke shi ba, haka nan ba kowane kuskure ne ke jawo hukunci ba. To ka ga amfanin wasiƙar. Kamfanin da ya sa hannu ya karɓi kwafin takardar sallamarka ranar Litinin, ya sake kiranka ranar Alhamis, da wane baki zai ce yana shakka?

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, komawa kotun da ta sallame ka, a nemi ta sake buɗe shari'ar ta hukunta su. Ba a biyan kuɗin sake buɗewa idan dalilin shi ne an keta umarnin sallama, kuma alƙali na iya sa su mayar da abin da suka karɓa, su biya asararka da kuɗin lauyanka. Shi ya sa lauyoyi da dama ke karɓar irin wannan aiki ba tare da an ba su komai a gaba ba. Ta biyu ita ce dokar 1977 da ta tsara halayen 'yan karɓar bashi. Ita ce ta hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana su faɗa wa maƙwabta ko abokan aiki ana binka, ta hana ƙarya a kan matsayin bashi da barazanar kamu. Ƙa'idojin da suka soma aiki a Nuwamba 2021 kuma suka ɗauki kira fiye da bakwai cikin kwana bakwai a matsayin takurawa. Tana ba da diyya har dala 1,000 ban da ainihin asara da kuɗin lauya, amma shekara ɗaya kacal gare ka ka shigar da ƙara. Ko za a iya amfani da ita a kan bashin da aka sauke, ya danganta da inda kake zaune: kotun shiyya ta tara, mai kula da California da maƙwabtanta, ta ce a'a a 2002, ta shiyya ta bakwai a Chicago ta ce e a 2004, ta New York ma ta ce e a 2016. Sannan dokar ba ta shafi bashin kasuwanci ba. Direbobin tasi na New York da suka ci bashi suka sayi lambar izinin tasi lokacin da kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, farashin ya rushe, ɗaruruwansu suka shiga kotun karayar arziki, ba lallai wannan doka ta rufe su ba. Umarnin sallama kuwa bai bambanta ba, ya rufe kowa. Ana kuma iya kai koke ga hukumar kare masu hulɗa da bankuna da aka kafa da dokar 2010, ko ofishin babban lauyan jiha, sai dai koke ba ya maye gurbin zuwa kotu.

Idan takardar sammaci ce ta zo, ba wasiƙa ba, kada ka ce ai an sallame ni ka yi zamanka. Hukuncin da za a yanke a bayan idonka banza ne a doka, gaskiya ne, amma kafin a tabbatar da banzancinsa an riga an riƙe asusunka ko an yanki albashinka, kuɗin haya ya wuce. Ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta, da kwafin takardarka. Wanda kuma ya kira yana cewa za a turo 'yan sanda ko jami'an shige da fice, ƙarya yake yi, kuma ƙaryar kanta laifi ce. Ba a ɗaure mutum a Amurka don ya kasa biyan katin bashi, kuma sashe na 525 ya hana hukumar gwamnati ta hana ka lasisi don kawai ka taɓa karyewa.

Saura abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyar Bahaushe, ko ɗan Kano ne ko ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi da ke zaune a Bronx. Mun tashi da sanin cewa bashi ba ya mutuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Mun ji cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A wurin jana'iza kafin a ɗauki gawa sai an yi cigiyar masu bin mamaci. A fiƙihun Malikiyya akwai babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa: alƙali ya hana shi taɓa ta, ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu, a saurara masa har ya samu, amma ragowar tana nan a wuyansa. Babu takardar sallama a can. Don haka idan ɗan karɓar bashi ya ce wa dattijon da ya fito daga masallaci, ai ka san ka ci kuɗin nan, ya taɓa wurin da ke ciwo, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba zan ce wa kowa ya kashe wannan damuwa ba, alama ce ta tarbiyya. Dokar Amurka ma ba ta ce haka ba. Sashe na 524 ɗin nan dai ya bar ƙofa a buɗe: wanda aka sallama yana iya biyan duk bashin da ya ga dama, don raɗin kansa, daga abin da ya samu bayan shari'a, kuma biyan wani ɓangare ba ya farfaɗo da sauran, saɓanin tsohon bashin da wa'adin ƙararsa ya wuce, wanda a wasu jihohi biyan dala biyar ke iya tayar da shi. Abin da doka ta ƙwace daga mai bi shi ne ikon nema. Abin da ta bar maka shi ne zaɓi. Ɗan'uwan da ya ranta maka kuɗin jirgi, da uwar adashin da ka ɗauki kwasarka ba ka gama zubi ba, dole ka sa sunansu a takardun kotu kamar kowa, kuma idan ka yi wayo ka biya dangi kafin ka shigar, wakilin kotu na iya bin kuɗin har na shekara ɗaya baya ya karɓo daga hannunsu. Bayan sallama kuwa babu mai hana ka zuwa ka sauke musu haƙƙinsu har da ban-haƙuri. A ganina su ne farkon layi, domin guminsu ne suka ba ka.

Kamfanin da ya sayi sunanka a kan santi huɗu, wanda adadin da yake kira ya cika da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, wanda kuma ba lallai ya iya nuna cewa bashin ma nasa ne ba, hukuncinsa a addini tambaya ce da za ka kai wa malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda kasuwar nan take. Ka kai masa takardun, ka bayyana masa nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, wa ya ba ka, wa ke nema yanzu. Duk abin da kuka tsayar, ka yi shi a lokacin da ka zaɓa, bayan cefane da kuɗin haya sun fita, ba tare da ka sa hannu a sabuwar takarda ba, ba kuma tare da ka ba kowa izinin cire kuɗi daga asusunka ba. Wanda ya kira ka a waya yana tuna maka lahira don ya karɓi abin da alƙalin tarayya ya hana shi nema, ba malaminka ba ne. Ka karɓi adireshinsa, ka aika masa kwafin takardarka, ka kai wa lauya shaidar gidan waya.